Yadda ake shiga tsofaffin wasannin RPG na karɓa-karɓa ba tare da an gudu a rabin hanya ba

Wani ƙanena ya daɗe yana jin ina yabon tsofaffin wasannin RPG, wato wasannin bidiyo da kake jan jarumai cikin dogon labari, rannan ya ce shi ma zai gwada, kuma daga tushe zai faro. Ya ɗauki Dragon Quest na farko, na 1986. Kwana biyu yana zagaye a bakin gari, yana dukan 'yan dodanni masu kama da ɗigon ruwa, yana tara kuɗin kulki da garkuwar fata. A rana ta uku ya ajiye hannun wasan ya ce, "Yaya, wannan ai ƙwadago ne." Ban ga laifinsa ba. Ta ƙofar 'yan gida ya shiga, alhali shi baƙo ne.

Yawancin waɗanda na ga sun gudu daga waɗannan wasanni, abu biyu ne ya kore su: ko sun fara da wanda bai dace a fara da shi ba, ko ajiyarsu, wato wurin da wasa ke adana inda suka tsaya, ta goge bayan sun zuba awa talatin. Duka biyun ana iya kauce musu. Ga yadda zan jera wa wanda bai taɓa yi ba.

Na farko: ka san irin faɗan da za ka shiga

A nan ba a neman saurin yatsa. Kana da ayari, daga mutum uku zuwa shida, kowa da jininsa, wato lambar da ke nuna sauran ransa, da kuma ƙarfin sihirinsa. Idan aka yi kiciɓis da abokan gaba sai jerin umarni ya fito: kai hari, yi sihiri, ɗauko magani, kare kai, ko a ranta a na kare. Ka zaɓa, su ma su yi nasu, a sake zagayowa. Shi ya sa nake ce masa faɗan karɓa-karɓa.

Kashi uku ne. Akwai na tsantsa, irin na Dragon Quest, EarthBound, Pokémon da Phantasy Star, inda dodo zai jira ka ko da ka tashi ka yi awa guda ba ka dawo ba. Akwai mai agogo, wanda kamfanin Square ya shigo da shi a Final Fantasy IV a 1991: kowane mutum yana da ma'aunin da ke cika a hankali, sai ya cika yake motsi, kuma dodo ba ya tsayawa don kana tunani. Sannan akwai na filin daga, kamar dara, inda kake matsar da mayaƙa gida-gida, irin su Shining Force, Fire Emblem da Final Fantasy Tactics. Na ukun nan ka bar shi tukuna.

A masu agogo, shiga saiti tun kafin faɗan farko. Za ka ga zaɓi tsakanin Active da Wait. Ɗauki Wait. Shi ne yake tsayar da agogo lokacin da kake lalube cikin jerin sihiri ko jakar magani. Babu abin kunya a ciki, wasan da kansa ya ba ka.

Na biyu: a kan me za ka buga?

Hanya mafi sauƙi ita ce sababbin fitarwa na halal. Final Fantasy na ɗaya zuwa na shida sun sake fitowa da sunan Pixel Remaster a waya, kwamfuta, Switch da PlayStation 4. Chrono Trigger yana kan waya da kwamfuta. Tsarin Nintendo Switch Online ya kawo EarthBound, Phantasy Star IV, Shining Force, Golden Sun da Fire Emblem. Akwai kuma ƙananan na'urorin da suka zo da wasanni a ciki: SNES Classic na 2017 yana da wasa 21, cikinsu har da EarthBound, Super Mario RPG da Final Fantasy VI, amma babu Chrono Trigger. Genesis Mini na kamfanin Sega, na 2019, yana da Phantasy Star IV da Shining Force. Idan wannan hanyar ta ishe ka, tsallake sauran wannan sashe.

Idan kuwa ka ce sai tsohuwar na'ura da kaset ɗinta, to zauna, akwai magana.

Fara da tambayar ƙasar da aka yi na'urar dominta. Super Nintendo ta Turai ba ta cin kaset ɗin Amurka, kuma manyan wasannin da zan ambata, Chrono Trigger, Final Fantasy VI, EarthBound da Super Mario RPG, babu ko ɗaya da ya fito a Turai a zamaninta. Wanda ya sayi ta Turai don waɗannan ya yi asarar tafiya. Ta Amurka za ka nema. Kaset ɗin Japan sun fi yawa, amma rubutunsu Japananci ne, kuma RPG wasan karatu ne. Idan ba ka jin abin da mutanen gari ke faɗa, ba za ka san inda ka dosa ba. Game Boy da Game Boy Advance su ba ruwansu da ƙasa, kowane kaset suna ci.

Sai wuta. Na'urar Japan an yi ta ne don wuta mai ƙarfin 100, ta Amurka 120, alhali ƙasashe da yawa suna kan 220 zuwa 240. Karanta abin da aka rubuta a jikin adafta kafin ka jona. Kada kuma ka ɗauki adaftar wata na'ura don kawai bakinta ya shiga: adaftar NES, na'urar Nintendo da ta riga Super Nintendo, alal misali, tana iya ƙona Famicom, takwararta ta Japan, duk da cewa 'yan gida ɗaya ne.

Na uku shi ne wanda ya fi cin mutane: batir. A cikin kaset ɗin Super Nintendo akwai ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, shi ke riƙe ajiyarka. Waɗannan kaset sun haura shekara 25, da yawa batirinsu ya mutu ko yana gargara. Gwajin ba shi da wuya. Fara wasa, yi ajiya, kashe na'ura, cire kaset, bar shi ya kwana. Da safe idan ajiyar tana nan, madalla. Idan babu, a canza batir kafin ka zuba ko awa ɗaya. Murfin kaset yana da sukurori na musamman da ake kwancewa da sukundireba mai suna gamebit, girman 3.8, batirin kuma da dalma aka liƙa shi, don haka idan hannunka bai saba ba ka kai wa mai gyaran lantarki. Ka sani cire batir yana tafiya da duk ajiyar da ke ciki, shi ya sa ake yi tun farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Buɗe kaset ɗin kuma yakan tona asirin jabu, domin na ainihi yana da sunan Nintendo a jikin allonsa, kuma jabun EarthBound da na Pokémon sun cika duniya.

Idan kaset ya ƙi tashi, daina hura masa baki, danshin numfashi tsatsa yake kawowa. Ɗiga sinadarin isopropyl a auduga ka goge haƙoransa, ka bari ya bushe. A PlayStation kuma ba batir, memori ake sakawa, mai gida 15. Nemi biyu.

Talabijin mai doro ta fi dacewa da hotonsu, amma ta zamani ma ta yi. Saita ta a 4:3 don kada mutane su yi faɗi kamar an danne su, ka kunna yanayin wasa don rage jinkiri. Jinkirin ba ya damun faɗan karɓa-karɓa, in ban da wasa ɗaya da zan zo kansa.

Na uku: wasan farko

Chrono Trigger, na 1995, a Super Nintendo. Ba na jayayya a kan wannan.

Mutum uku ne suka haɗa kai a kansa: Hironobu Sakaguchi mai Final Fantasy, Yuji Horii mai Dragon Quest, da Akira Toriyama da ya zana mutanen. Yasunori Mitsuda ya yi yawancin kiɗan. Amma ba sunayen ne suka sa na zaɓe shi ba. Dalilin shi ne ya cire kusan duk abin da ke korar baƙo. A yawancin tsofaffin RPG kana tafiya a fili ba ka ga kowa ba sai allo ya juya, an yi maka kwanton ɓauna, taku goma kuma a sake. A Chrono Trigger kana ganin dodanni a kan hanya, wasu ka kewaye su, kuma a nan inda kuka haɗu ake faɗan. Ba ya buƙatar ka tsaya tara lebul, wato matakin ƙarfin da mutanenka ke hawa ta yawan faɗa. Idan ka yaƙi abin da ya tare ka, ƙarfinka zai isa. A awa 20 zuwa 25 ka gama.

Labarin tafiya ce cikin zamani: daga shekarar 1000 a koma 600, a tsallaka 2300 inda duniya ta zama kufai, a gangara har shekara miliyan 65 baya. Abin da ka gyara jiya kana ganin sakamakonsa gobe. Tun a filin bikin da wasan ya buɗe da shi, ka kula da halinka: wa ka taimaka, me ka ɗauka, me ka fara dubawa lokacin da kuka yi karo da yarinyar nan. Ba zan ce komai ba, sai dai akwai masu kallo, kuma akwai kotu a gaba.

A faɗa, ga abin da za ka koya. Mutum uku ne a fili. Idan ma'aunin mutum biyu ya cika tare, suna iya haɗa dabara. Crono, jarumin wasan, yana da juyin takobi da ke sarar duk wanda ke kusa, abokiyarsa Lucca tana da jifan wuta. Idan ka haƙura ka jira ta, takobin zai juya da wuta a bakinsa. Crono da Frog, wani ɗan ayarin, kuma sukan ratsa dodo ta kusurwa biyu su bar masa alamar X. To ga dodanni uku sun taru wuri ɗaya, ma'aunin Crono ya cika, na Lucca saura kaɗan. Ka sara yanzu ka rage ɗaya, ko ka sha duka ɗaya ka share su duka? Wannan ɗan lissafin shi ne zuciyar wasannin nan gaba ɗaya. Wanda ya ji daɗinsa ya shigo gida.

Idan ka gama, wasan zai buɗe maka New Game+, ka sake farawa da ƙarfinka na ƙarshe, kuma ƙarshen labarin ya haura goma, gwargwadon lokacin da ka tunkari babban dodon.

Idan yaro ne zai fara, ko wanda hannunsa ba ya iya zama shiru, a ba shi Super Mario RPG na 1996, wanda Square da Nintendo suka yi tare. A cikinsa idan ka danna maɓalli daidai lokacin da duka zai sauka, ƙarfinsa yana ƙaruwa, haka ma wajen karewa. Wannan shi ne wasan da jinkirin talabijin ke ɓatawa. Gajere ne, bai kai awa 20 ba, ga ban dariya.

Na huɗu: ɗabi'un da za su kai ka ƙarshe

Yi ajiya a gida biyu, kana musanyawa. Ɗaya a gari, wajen da za ka iya sayayya da hutawa, ɗaya a cikin kogo. Zan ba da labarin abin da rashin wannan ya ja mini in mun zo PlayStation.

Yi magana da kowa a gari. Waɗannan wasanni ba su da kibiya mai nuna hanya. Tsohuwar da ke tsaye bakin rijiya ita ce za ta ce maka akwai kogo a arewa maso gabas, kuma sau ɗaya wasan zai faɗa. Shi ya sa nake ajiye ɗan littafi da biro. Duk ranar da zan tashi sai in rubuta layi biyu: inda nake, da inda aka ce in je. Wanda ya yi sati uku bai taɓa wasa ba ya dawo ya tsinci kansa a tsakiyar taswira da jirgi, bai san me ya kawo shi ba, ya san amfanin wannan.

Idan ka shiga sabon gari da kuɗi kaɗan, sulke kafin takobi, kuma na wanda ya fi shan duka. Masu sihiri da masu warkarwa a mayar da su sahun baya, inda duka ba ya kai musu da ƙarfi. Sha maganinka. Kusan kowa yana da wannan cutar ta ɓoye manyan magunguna don wata rana, har wasa ya ƙare jaka cike.

Idan babban dodo ya kashe ka sau biyu, kada ka ce lebul ne nan take. Tsaya ka kalli abin da yake yi. Yana da zagaye: wataƙila duk bayan hari uku yake sakin babban, wataƙila akwai lokacin da dukansa ke jawo ramuwa. Gwada wuta, ƙanƙara, tsawa, ka ga wanne ya fi cinsa. Sihirin da ke ƙara sauri ko kariya, wanda baƙo ke rainawa, sau da yawa shi ke raba gardama. A Final Fantasy kuma maganin warkarwa guba ne ga matattu masu tafiya; a na shida akwai wani jirgin ƙasa na fatalwa da gashin farfaɗo da matacce guda ɗaya ke gamawa da shi. Sai duk wannan ya ƙi, sannan ka fita ka ƙara lebul biyu ko uku.

Na biyar: zagaye na biyu, har yanzu a zamanin 16-bit, wato na Super Nintendo da Genesis

A nan lambobi suna da ruɗani, gara a warware. Final Fantasy na biyu, na uku da na biyar ba su je Amurka a lokacinsu ba, sai aka sake wa sauran lamba. Kaset ɗin Amurka da aka rubuta wa II, na huɗu ne. Wanda aka rubuta wa III, na shida ne.

Na huɗu, labarin Cecil, miƙaƙƙe ne: wasan ne ke zaɓa maka ayari, kowa da aikinsa, ba ka da abin lalatawa. Na shida, na 1994, ya fi shi nisa. Mutum 14 ne, kowa da salon faɗansa, har akwai Sabin da sai ka danna maɓallai a jere kamar wasan dambe kafin dabararsa ta fita. A tsakiyarsa labarin yana kifewa, rabin na biyu kuma ya sake ka ka nemo mutanenka da kanka. Shawara ɗaya ba tare da na ɓata maka ba: a tsibirin da ke shawagi, lokacin da agogo ke ƙirgawa kuma an ba ka damar tsalle, jira. Jira har daƙiƙun ƙarshe. Ware masa awa 35 zuwa 40.

EarthBound daban yake da kowa. Shigesato Itoi ne ya rubuta shi, ya fito a Japan a 1994 da sunan Mother 2, a Amurka 1995. Babu sarki babu takobi. Yaro ne mai suna Ness da sandar ƙwallo a garin zamani, yana ajiya ta hanyar buga wa babansa waya, yana cire kuɗi a na'urar banki, idan kewar gida ta kama shi har faɗa ya gagara sai ya kira mamarsa. Jininsa kuma ba ya zubewa lokaci ɗaya, lambobin gangarowa suke kamar mitar mota. An yi maka dukan da ya isa kisa, lamba tana gudu, 80, 60, 40, idan ka yi sauri ka sha magani ko ka gama faɗan kafin ta taɓa sifili, ka tsira. Awowinsa na farko, lokacin da Ness yake shi kaɗai, su ne mafi tsanani, kuma jakar kowa kaya 14 kawai take ɗauka, abin da yakan ƙular. Daure har ka samu abokiyar tafiya.

A ɓangaren Sega, Phantasy Star IV, na 1993. Saurinsa ya fi na duk waɗanda na ambata, labarinsa yana fitowa cikin zane-zane gida-gida, kuma yana barinka ka tsara umarnin mutum biyar ka ajiye, ka kira su da danna ɗaya. Akwai ma wurin da ayarin ke hira su tuna maka inda za a je. Kada lamba ta ruɗe ka ka fara da na biyu, kogunansa sun yi tsananin da sai da aka haɗa kaset ɗin Amurka da littafin taswira. Mai son wasa ƙwaƙwalwa kuma ya nemi Lufia II a Super Nintendo, kowane kogo cike yake da wuyar warwarewa, ga wani rami mai hawa 99 da ke canza fasali duk shiga.

Na shida: PlayStation

Kowa zai ce maka Final Fantasy VII, na 1997, mai faifai uku, kuma ya cancanta, ko da yake mutanensa masu hannu kamar bulo sun tsufa fiye da zanen Super Nintendo. Ni dai Suikoden II na Konami nake fara miƙawa, na 1998. Yaƙi ne tsakanin abokai biyu da suka tashi tare, kana tara mutum 108, kuma duk wanda ka jawo yana tarewa a fadarka, har kufai ya zama gari mai shaguna da masauki. Mutum shida ne a faɗa, kuma wanda aka bari a baya yana kamo sauran cikin 'yan faɗa kaɗan, don haka ba ka tsoron gwada sabo. Idan ka fara da Suikoden na farko, wanda gajere ne, kada ka goge ajiyarsa ta ƙarshe, na biyun yana karanta ta.

Yanzu ga labarin da na yi alkawari. Final Fantasy Tactics, na filin daga, ƙarshen babi na uku, fadar Riovanes. Faɗa ne a jere, ba fita. Bayan na farko wasan ya tambaye ni ko zan yi ajiya, na ce e, na ɗora a kan gida ɗaya tilo da nake da shi. Faɗa na gaba jarumin wasan, Ramza, ne shi kaɗai da abokin gabarsa Wiegraf, ni kuwa na raine shi a matsayin mai sihiri marar sulke. Hari biyu yake faɗuwa. Ba hanyar komawa gari, ba wurin ƙara lebul. Na yi kwana huɗu ina sauya masa kaya da sana'a, a ƙarshe na goge awa 25 na koma farko. Memorin nan yana da gida goma sha wani abu a buɗe. Laifina ne tsaf. Duk lokacin da wasa ya ba ka ajiya tsakanin faɗa biyu, sabon gida.

Na bakwai: na aljihu

Pokémon Red da Blue a Game Boy, 1996 a Japan, 1998 a Amurka, RPG ne na karɓa-karɓa cikakke, kuma shi ne mafi sauƙin koyar da wane iri ke cin wane: ruwa ya ci wuta, wuta ta ci ciyawa, ciyawa ta ci ruwa. Mai farawa ya ɗauki Bulbasaur, shugabannin farko biyu ba za su wahalar da shi ba. Gidan ajiya ɗaya ne kacal, don haka kada ka ara wa kowa kaset. Gold da Silver suna da agogo a ciki mai shan batir, su ne suka fi saurin mantuwa.

A Game Boy Advance akwai Golden Sun na 2001, sai Fire Emblem na 2003, na farko da aka fassara zuwa Turanci. Babi goman farko darasi ne. Takobi ya ci gatari, gatari ya ci mashi, mashi ya ci takobi, kuma wanda ya mutu ya mutu ke nan. Za a ba ka wani tsohon barde mai doki, Marcus, da ke share kowa tun farko. Kada ka bar shi ya cinye faɗan, yaran da ke bayansa ne ke buƙatar girma.

Na takwas: yanzu ka koma tushe

Bayan wasa uku ko huɗu, kunnenka ya saba da harshen, tsofaffin NES ba za su zama ƙwadago ba. Nan ma ba na farko zan ba ka ba. Ɗauki Dragon Quest III, na 1988, wanda a Amurka aka sani da Dragon Warrior III. Fitowar Game Boy Color ta 2001 ta fi ta NES sauƙin sha'ani, akwai kuma sabuwa ta 2024. Kai za ka haɗa ayari a farkon gari: jarumi, soja, mai warkarwa, mai sihiri, wannan haɗin ba ya ba da kunya. A lebul 20 ana canza sana'a a wani wurin ibada, mutum ya koma lebul ɗaya amma da sihirin da ya koya. Akwai wani wawan ɗan wasa da ba ya jin umarni a faɗa. Idan ka jure shi har lebul 20, shi kaɗai ne ke iya komawa sana'ar masani ba tare da littafin da ake nema wa sauran ba. Idan ayari ya mutu ba a mayar da kai ajiya, rabin kuɗinka ake ɗauka, don haka kai su ma'ajiya kafin ka shiga kogo.

Wanda yake ganin batir matsala ce ya tuna 'yan Japan na farko: Dragon Quest II a Famicom ba shi da ajiya sam, kalmar sirri ake kwafa da hannu, har harafi 52, ka kuskure ɗaya aikin dare ya tafi.

Final Fantasy na farko, 1987, shi ma ayari huɗu ne daga sana'a shida. Mayaƙi, mai dambe, farin mai sihiri da baƙin mai sihiri sun isa. A kaset ɗin NES ka kiyaye abu biyu. Wasu sihirai ba sa aiki ko kaɗan saboda kuskuren da ke cikin wasan, irin su TMPR da SABR, kada ka zuba musu kuɗi. Sannan idan ka tura mutum biyu kan dodo ɗaya, na farko ya kashe shi, na biyun iska zai sara, ba ya juyawa kan na kusa. Dole kafin kowane zagaye ka ƙiyasta: wannan saura jini nawa, duka ɗaya zai ishe shi ko biyu, sannan ka raba mutanenka. Magani kuma ɗaya-ɗaya ake saye a shago, ba a cewa a ba ni goma. Kafin kogon fadama da ke kudu da garin aljanu, tsaya ka danna maɓallin nan har jakarka ta cika 99, ka haɗa da maganin guba, ko da yatsa zai yi tsami.